Ina tsallake maganin hawan jinina don in sayi na mahaifiyata

Assalamu alaikum. Dan Allah ina neman shawara, a sakaya sunana. Shekarata 52, ma'aikaci ne ni, ina da mata da yara biyar, uku har yanzu suna makaranta. Shekara huɗu kenan da likita ya ce ina da hawan jini ya ɗora ni a kan magani kala biyu, kwanaki kuma da aka auna min suga da safe kafin in ci komai aka ce 114, wai ban kai ga ciwon suga ba amma ina bakin hanya. Ga gwiwa ta saka ni a gaba, kusan kullum sai na sha diclofenac kafin in iya fita, ido ma yanzu sai na nesanta waya kafin in karanta saƙo. Mahaifiyata shekararta 78 tana hannuna, magungunanta sun kai kala shida, ƙannena uku babu mai tambayar yadda ake yi. Abin da nake yi yanzu in na sayi nata sai in riƙa shan nawa yau in sha gobe in tsallake don ya kai ƙarshen wata, wani watan ma bana saya kwata-kwata. Awo na ƙarshe 168 bisa 102. Matata bata sani ba. Mahaifinmu shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa yana da shekara 59, in dare ya yi bana iya barci sai lissafi. Wani abokina ya ce in bar na asibiti in koma wani haɗi da ake talla a intanet wai yana warkar da hawan jini gaba ɗaya cikin wata uku. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam Yayana. Sannu da jiki, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Hajiya lafiya ya saka maka da alheri kan abin da kake mata.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba. Ka koma shan maganinka kullum kamar yadda aka rubuta maka, kuma cikin satin nan ka je ka ga likita, kar ka ce sai an yi albashi. 168 bisa 102 ba lambar da ake zama da ita ba ce, balle ga mutumin da mahaifinsa ya rasu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai 60. Daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau, kai ka wuce nan da nisa ta sama da ta ƙasa duka. Kuma wannan dabarar ta yau a sha gobe a tsallake, na san lissafin da ya kai ka gare ta, gani kake ko ba komai ai kana samun rabin amfanin, toh ba haka maganin yake aiki ba. Yawancin ƙwayoyin hawan jini an yi su ne su riƙe mutum na awa 24 ko kusa da haka, in lokaci ya wuce jinin sai ya sake hawa, jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido su ci gaba da shan matsi kai kuma kana zaune lafiya ƙalau baka jin komai. Akwai ma wasu irin su atenolol da propranolol da clonidine da in aka yanke su farat ɗaya bugun zuciya da jinin kan yi tsalle har su wuce inda suke tun farko. Don haka ka duba kwalin naka ka ga sunan, ka faɗa wa likita gaskiyar yadda ka riƙa sha, saboda in ka ɓoye masa zai ɗauka maganin ne bai yi maka aiki ba ya ƙara maka wani a kai, kaga an ƙara kuɗi kenan a banza.

Kuma rashin jin ciwo shi ne babbar yaudarar wannan cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya a alƙaluman da ta fitar a 2021 ta ce manya kusan biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 ne ke da hawan jini a duniya, kashi 46 cikin ɗari basu ma san suna da shi ba, kuma mutum ɗaya cikin biyar ne kawai nasa yake a daidaice. Kai Allah ya taimake ka ka sani, an riga an ba ka magani, ka tsallake matakin da ya fi kayar da mutane.

Yanzu maganar kuɗi, tunda ita ce asalin damuwar. Ni a ganina Yayana a duk abubuwan da kake kashe wa kuɗi a wata babu mai araha kamar wannan ƙwayar in aka dubi abin da take tare maka. Akwai wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2016 da ya haɗa sakamakon mutane sama da 600,000, ya nuna duk maki 10 da aka sauke daga lambar sama ta hawan jini, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana raguwa da kusan kashi 27 cikin ɗari, na gazawar zuciya da kusan kashi 28. Kai kuma kusan maki 30 kake buƙatar saukewa, ka yi lissafin da kanka. A ɗaya ɓangaren kuma hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, wanda ƙodarsa ta daina aiki wankin ƙoda ake masa yawanci sau uku a sati, kowane zama kusan awa huɗu, kuma ba na wata ɗaya ko biyu ba ne. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuma ga kuɗin gado ga sikanin ga gashin ƙashi na watanni, ga aikin da ya tsaya, ga mutum guda a gidan da dole ya ajiye nasa neman ya zauna jinya. Ba don in tsorata ka nake kawo wannan ba, ka riga ka gani da idonka a kan Baba Allah ya jiƙansa. So nake ka ga cewa Hajiya ma ba taimakonta kake ba in ka hana kanka magani, don kai ne kake sayo nata, ranar da ka kwanta ku biyu kenan babu mai saya.

Toh ta ina za a rage? Ta bakin likita za a fara. Mutane da yawa in sun shiga ɗakin likita kunya take hana su cewa aljihu ya yi ƙasa, a rubuta musu takarda su karɓa su yi godiya, su je famasi a faɗa musu kuɗin su ce bari su dawo, shikenan ba za a sake ganinsu ba sai ciwo ya kwantar da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, likita ba zai san halin da kake ciki ba sai ka faɗa. Ka ce masa kai tsaye, likita ga abin da zan iya kashewa a wata kan magani, ka rubuta min wanda zan iya ɗorewa a kai. Babu likitan kirki da zai ji haushin wannan maganar, sun fi son haka a kan majinyacin da zai ce toh ya tafi ya ƙi sha.

Abin da ya sa nake da ƙarfin gwiwar cewa za a samu mafita, magungunan hawan jini na sahun farko tsofaffin magunguna ne da lasisin mallakarsu ya ƙare tun tuni, kamfanoni barkatai suke yin su. Amlodipine, lisinopril, losartan, hydrochlorothiazide, duk suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, jerin da ta fara fitarwa tun 1977 take sabunta shi duk bayan shekara biyu. Kowane magani yana da suna biyu a jikin kwali, sunan da kamfani ya laƙaba masa da manyan baƙaƙe, da kuma sunan sinadarin na ainihi da aka rubuta ƙanana a ƙasa tare da miligiram ɗinsa. Wannan na ƙasan shi ne maganin. Sau da yawa sinadari ɗaya ne ƙarfi ɗaya amma wani kwalin ya ninka wani kuɗi sau da yawa saboda sunan kamfani kawai. Ka roƙi likita ya rubuta maka sunan sinadarin, ka tambayi mai famasi wane ne mafi sauƙi a cikin masu rajista. Ka kuma tambaya ko akwai ƙwaya ɗaya da ta haɗa magungunan naka biyu, yanzu ana yin su kuma hukumar ma ta fi ƙarfafa a ba da irinsu don sun fi sauƙin ɗorewa, wani lokacin ta fi araha wani lokacin bata fi ba, sai an gwada farashin. In jinin ya daidaita ka nemi a riƙa rubuta maka na wata uku lokaci guda, ka huta da kuɗin mota da na kati da ranar aiki da kake asara. Amma dan Allah neman sauƙi kar ya kai ka sayen magani a hannun wanda ba shi da lasisi, hukumar nan dai ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko maras inganci. Ka riƙe famasi ɗaya mai rajista, ka duba lambar hukumar kula da magunguna da ranar lalacewa a jikin kwali. Raba ƙwaya biyu kuma kar ka yi da kanka, akwai waɗanda aka yi su su riƙa narkewa a hankali, in ka fasa su ka ɓata aikin.

Sai diclofenac ɗin nan. Wallahi a duk wasiƙarka bayan tsallaken magani babu abin da ya ɗaga min hankali kamarsa, kuma na lura kai a gefe ka ambace shi kamar ba komai ba. Diclofenac da ibuprofen da naproxen da danginsu suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga hawan jini, suna rage ƙarfin magungunan da kake sha, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga gyambon ciki da zubar jini a ciki in an daɗe ana sha. In kuma cikin magungunanka akwai mai sa fitsari da irin su lisinopril ko losartan, haɗa su da diclofenac kullum hanya ce sananniya ta jikkata ƙoda. Kaga abin da ke faruwa kenan, kana biyan kuɗi ka sayi abin da ke ɗaga jinin, kana kuma tsallake wanda ke sauke shi. Ka daina shansa kullum, ka kai wa likita maganar gwiwar a wannan zuwan. Paracetamol ya fi sauƙi ga ƙoda da hawan jini in ba a wuce ƙa'ida ba, babba lafiyayye ba ya wuce giram 4 a rana, mai matsalar hanta kuma ƙasa da haka. Akwai kuma maganin ciwo na shafawa a kan gwiwar wanda kaɗan ne yake shiga jini. Amma maganin gwiwa na gaskiya a wannan shekarun shi ne ƙarfafa naman cinya da rage nauyi, don kowane kilo ɗaya da ka sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu na matsi a kowane taku. Zama ɗaya ko biyu da likitan gashin ƙashi ya nuna maka atisayen da zaka riƙa yi a gida ya wadatar, ba sai ka riƙa zuwa kullum ba. Kuma kar ka yarda da maganar cewa mai ciwon gwiwa hutawa zai yi, zama wuri ɗaya ƙara sandarar da ita yake.

Maganar suga kuwa ni labari mai daɗi na gani a ciki. Daga 100 zuwa 125 in an auna kafin a ci abinci shi ne bakin hanya, sai ya kai 126 an kuma maimaita an sake samun haka ake cewa ciwon suga ne. Kana 114, wato a daidai wurin da ake iya juyawa baya kake, kuma ba da kuɗi ba. An yi wani gwaji a Amurka da mutane sama da 3,000 masu irin matsayinka, aka fitar da sakamakon a 2002, waɗanda aka sa su rage kusan kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu su kuma riƙa motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari cikin kusan shekara uku, waɗanda aka ba ƙwayar metformin, wato maganin suga, kuma kashi 31. Rage nauyi da motsa jiki sun fi ƙwaya aiki kenan. In nauyinka kilo 90 ne, kilo shida ake magana, ba wai ka rame ba. Minti 150 kuma rabin awa ne sau biyar a sati, tafiya mai ɗan sauri wadda zaka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga, in gwiwa bata yarda da rabin awa a jere ba ka raba minti goma goma bayan cin abinci. Lemon kwalba da shayi mai suga da yawa su ne farkon abin da zaka ajiye, wannan ma ragin kashe kuɗi ne. Gishiri kuma ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 a rana, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma har da wanda ke ɓoye cikin sinadaran ɗanɗano da abincin gwangwani da burodi, yawancin mutanen duniya kusan ninki biyu na haka suke ci. In kana shan taba toh babu wani abu a duk wannan rubutun da zai kai barinta amfani.

Haɗin da abokinka ya kawo maka, na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma kar ka saya. Irin hawan jinin da yawancin mutane ke da shi ba a warkar da shi cikin wata uku, riƙe shi ake yi, wasu in sun rage nauyi sosai sun gyara ci likita kan rage musu magani, wannan kuma da awo ake yi a hankali. Duk wanda ya ce maka zai raba ka da shi gaba ɗaya kuma sharaɗin shi ne ka ajiye na asibiti, kuɗinka yake so. Baka san me ke cikin kwalbar ba, baka san adadinsa ba, an sha kama irin waɗannan haɗe-haɗen da magungunan asibiti a ɓoye a ciki musamman masu kashe ciwo da irin su dexamethasone, wanda shi kuma ɗaga suga da hawan jini yake yi. Mutum ya ji garau sati biyu ya yi ta yabo, ƙoda kuma tana can tana lalacewa.

Gwaje-gwaje ma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba. Waɗanda nake ganin kar ka yi wasa da su sau ɗaya a shekara su ne gwajin ƙoda na jini, gwajin fitsari don a ga ko furotin yana zuba, suga, da kitsen jini. Tunda ka daɗe kana shan diclofenac na ƙodar nan ka yi shi yanzu. Irin manyan kunshin gwajin nan na a duba jiki gaba ɗaya da ake tallatawa, yawancinsu ba ka buƙata, duk gwajin da aka rubuta maka kana da haƙƙin tambaya, likita in sakamakon ya fito me zai canja a maganina, in babu abin da zai canja a bar shi zuwa gaba. Abu ɗaya da zan ce ka tara kuɗi ka saya shi ne injin awon jini na gida, na dantse ba na wuyan hannu ba, zai yi maka ya yi wa Hajiya ya yi shekaru. Ka zauna minti biyar ka huta, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ka auna sau biyu da safe kafin magani sau biyu da dare, ka rubuta a littafi na sati guda ka tafi da shi asibiti. A gida ƙasa da 135 bisa 85 ake nema. Ido kuma kar ya dame ka, daga shekara 40 zuwa 45 kusan kowa sai ya fara nesanta takarda, gilashin karatu mai sauƙi ya raba gardama, sai dai ka je sau ɗaya a auna maka hawan jinin ido a leƙa bayan idon, don shi ma gilakoma, ciwon da ke lalata jijiyar ido, baya sallama.

Mu dawo kan Hajiya. Magani kala shida ga mai shekara 78 abu ne da ya kamata a sake dubawa, ba don kuɗi kaɗai ba, don lafiyarta. Abin da ke yawan faruwa da tsofaffi shi ne wannan likitan ya rubuta, wancan ya ƙara, wani an ba da shi na sati biyu ne amma aka ci gaba da saya shekara uku, wani kuma an rubuta shi ne don ya magance illar wani. Ka kwashe duk abin da take sha har da na ƙarin jini da na gargajiya ka zuba a leda ɗaya ka kai wa likitanta, ka ce a duba wanne ne dole wanne za a iya ajiyewa wanne ke da madadi mai sauƙi. Kai dai kar ka cire mata ko ɗaya da kanka.

Ƙannenka kuma, Yayana ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ka ce babu mai tambaya, amma ka taɓa zaunar da su ka nuna musu takarda? Babban wa in ya saba cewa ba komai, ƙanne sai su ɗauka da gasken ba komai ɗin ne. Ka rubuta sunan kowane magani na Hajiya da abin da yake ci a wata, da kuɗin ganin likita da na gwaji, ka tura musu su ukun lokaci guda, ba da faɗa ba ba da gori ba, ka ce ga abin da ake kashewa, ni ma yanzu ina kan magani, kowa ya faɗi wanda zai ɗauka. Ya fi kyau kowa ya ɗauki magani takamaimai da sunansa a kan a ce kowa ya kawo abin da ya samu, don abin da ya samu ɗin nan wata biyu yake yi ya mutu. Wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki kai ta asibiti da bin layi. Mahaifiyarsu ce su ma, hana su wannan ladan ba gata kake musu ba. Zai yiwu wani ya noƙe, toh ko mutum ɗaya ne ya ɗauki kala biyu ka samu kuɗin naka maganin.

Tunda ma'aikaci ne kai, ka bincika ko wurin aikinka yana da inshorar lafiya ko akwai ta gwamnati da zaka iya shiga, mutane da yawa ana cire musu kuɗinta a albashi basu taɓa zuwa sun yi rajista ba. Kafin ka sa hannu ka tambayi abu huɗu, shin tana ɗaukar ciwon da mutum ya riga ya shigo da shi, wata nawa ake jira kafin ta fara aiki, kashi nawa na kuɗin magani zaka riƙa biya da kanka, kuma ana iya saka mahaifiya ko sai mata da yara kawai. Masana suna cewa in kuɗin lafiya ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da gida ke kashewa toh ya zama mai karya gida, kuma mutane kusan biliyan ɗaya ne a duniya ke cikin wannan halin, don haka ka cire wa ranka cewa gazawarka ce. Ranar da albashi ya shigo kuɗin maganinka ya zama cikin abin da ake fara cirewa tare da na abinci, ka saye shi a ranar, kar ka bari sai abin da ya rage.

Sai uwargida. Ka faɗa mata, yau ɗin nan in da hali. Na gane kana gudun ɗaga mata hankali ne, amma matar da kuke kwana ɗaki ɗaya ta riga ta san baka barci, abin da bata sani ba shi ne dalili, kuma zuciya in bata san dalili ba tana ƙirƙiro wanda ya fi na gaskiya muni. Ita ce mai gishirin girki, ita zata tuna maka ƙwaya, ita zata san inda za a matse a cefane, kuma ita ce zata fara gani in wani abu ya same ka cikin dare. Akwai kuma maganar da maza basa son faɗa, wasu suna ajiye maganin hawan jini ne saboda suna zarginsa da rage musu ƙarfi a shimfiɗa. In da wannan a cikin lissafinka ka faɗa wa likita, wasu magungunan kan yi haka kuma ana canja su, amma hawan jinin da sugan da ba a kula da su ba su suka fi kawo wannan matsalar don jijiyoyin jini suke lalatawa.

Rashin barcin nan kar ka raina shi, shi ma yana ɗaga jini. Tsoron da kake ji kana matsowa shekarun da Baba ya rasu abu ne da duk wanda ya rasa mahaifi da wuri ya sani, ba raunin imani ba ne. Gado yana ƙara haɗari, gaskiya ne, amma kai kana da awo kana da magani kana da shekaru a gabanka na gyara, ajali kuma na Allah ne. In ka ga sati biyu sun wuce kullum zuciya a cunkushe, abin da ka saba jin daɗinsa ya fita ranka, abinci baya shiga, ko tunanin gara ma ka mutu ka huta ya fara zuwa maka, ka faɗa wa likita a wannan zaman, ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa. Ka kuma tambayi uwargida ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci, in haka ne a sanar da likita, yana cikin abubuwan da ke hana hawan jini sauka ko ana shan magani.

Kuma ita da manyan yaran duk su san waɗannan alamun, baki ya karkace gefe ɗaya, hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu ko ta yi nauyi, magana ta sarƙe, gani ya ɗauke farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a taɓa yi ba, ko ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi. In an ga ɗaya daga ciki ba a jira gari ya waye, ba a ba mutum ruwa ko wata ƙwaya a baki, asibiti mai sikanin kai ake nufa kai tsaye a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, don allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, ko da alamar ta wuce da kanta bayan minti goma sai an je. Haka in injin ya nuna 180 bisa 120 ko sama da haka tare da ɗaya daga cikin alamun nan. Ku yanke shawara tun yanzu wane asibiti za a je da wa zai tuƙa, a rubuta sunayen magungunanka a takarda a ajiye inda kowa ya sani.

In ka je wurin likita ka yi awon sati guda, ka sake rubuto min lambobin da sunayen magungunan da aka bar ka a kai da abin da ƙannen suka ce, sai mu ga inda za a ƙara matsewa. Allah ya ƙara lafiya, a gaida Hajiya da jiki.